Bututu, i-gel ko jakar Ambu: me za a fara saya wa asibitin garinmu?

Wata Asabar bayan La'asar yayana ya same ni a gida a nan Gombe da waya a hannu. Shi ne ma'ajin ƙungiyar 'yan garinmu, kuma sun tara kuɗi za su saya wa babban asibitin garin kayan agajin gaggawa, har da na cikin motar ɗaukar marasa lafiya. Wani dillali ya turo masa hoton wata na'ura mai kyamara da ɗan allo, ya ce da ita ake zura wa mutum bututun numfashi a Turai, wai ko yaro ya riƙe ta zai iya. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai da kullum kana ɗakin tiyata, duba mana. Mu saya?"

Na ce, "Yaya, zauna tukuna, maganar da tsawo." Har aka kira Magariba ba mu gama ba, shi ya sa na ga gara in rubuta, don na san ba ƙungiyarmu kaɗai dillalai ke tura wa irin wannan hoto ba.

A bayan harshe hanya ta rabu biyu. Ta gaba ita ce maƙogwaro mai kai iska huhu, ta baya kuma mai kai abinci ciki. A bakin ta iskar akwai ɗan murfi mai kama da ganye da igiyoyin murya guda biyu, su ne masu gadi, kuma duk wanda ruwa ya taɓa sarƙewa ya san ba sa wasa da aikinsu. To mutumin da ya suma, ko don kansa ya bugu a hatsarin babur, ko jijjiga, ko guba, masu gadin nan sun kwanta. Harshe ya saki ya faɗa baya ya toshe hanya, shi ne minsharin da ake ji a bakin titi ana cewa "ai yana numfashi". Jini da amai kuma suna gangarawa huhu ba mai tare su. Ƙwaƙwalwa kuwa daga minti huɗu zuwa shida babu iskar oksijin ta fara lalacewa.

Saboda haka duk kayan da za mu ambata aiki biyu ake nema a wurinsu: su shigar da iska, su kuma hana abin ciki shiga huhu. Bambancinsu yana ga inda kowanne ya tsaya. Akwai mai tsayawa a fuska, akwai mai zama a bakin maƙogwaro, akwai mai shiga har ciki. Gwargwadon zurfin da abu ya yi, gwargwadon kariyar da yake bayarwa, gwargwadon kuma ɓarnar da zai yi idan hannun da ya riƙe shi bai iya ba.

Na farko hannu ne. A ɗaga haɓa, ko a turo muƙamuƙi gaba idan ana tsoron wuya ya karye, sau da yawa sai ka ji minsharin ya ɗauke. Sai 'yar lanƙwasasshiyar robar baki da muke kira Guedel, sunan likitan Amurka da ya fito da ita a 1933, aikinta ta riƙe harshe kada ya koma. Ana auna ta daga haƙoran gaba zuwa kusurwar muƙamuƙi. Wanda bai yi nisa a suma ba, zai yi yunƙurin amai da ita, shi sai a sa masa mai laushi ta hanci, ita ma ana ƙaurace mata idan akwai alamar gindin ƙoƙon kai ya tsage.

Daga nan sai jakar Ambu, wato jakar roba da ake matsawa da hannu a tura wa mutum iska ta marufinta na hanci da baki, wadda Holger Hesse da Henning Ruben suka fitar a Denmak a 1956. Ba ta son wuta, ba ta son batir. Ko babu tukunyar oksijin tana tura iskar ɗaki mai kashi 21 cikin ɗari, idan kuma an jona mata lita 15 a minti da jakar ajiyarta ta baya sai ta haura kashi 85. Kowa na ganin ya iya ta, alhali a cikin kayan nan duka ita ce aka fi yi ba daidai ba. Marufin ba ya kama fuskar mai cikar gemu da sauƙi, haka tsohon da haƙora suka zube kumatu suka lotsa. Mutum ɗaya ya danne marufi da hagu ya matsa jaka da dama, rabin iskar ta gefe take fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗaya ya riƙe marufi da muƙamuƙi da hannu biyu, wani ya matsa. Sannan ga gaggawa. Jakar babba tana cin wajen lita ɗaya da rabi, majiyyaci kuwa rabin lita ya ishe shi, sau goma a minti. Mai firgici sai ya matse ta duka sau talatin, iska ta cika tumbi, tumbi ya maido da tuwon dare, a rasa inda za a sa kai.

Idan aka iya ta kuwa, ba ƙaramar aba ba ce. A Los Angeles ta Amurka an bi yara 830 da aka yi wa agaji kafin a kai su asibiti, sakamakon ya fito a 2000, kuma waɗanda aka shirya sa wa bututu ba su fi waɗanda aka bari a kan jaka rayuwa ba. A 2018 wani gwaji a Faransa da Beljiyam a kan manya 2,043 da zuciyarsu ta tsaya ya samu kashi 4.3 na masu jaka da kashi 4.2 na masu bututu sun rayu da hankalinsu bayan kwana 28. Mu nan ma muna da namu dalilin girmama ta. Yawancin saran da ake kaiwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo na kububuwa ne, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, amma a dangin gamsheƙa akwai masu dafin da ke kashe jijiyoyin numfashi. Irin wannan majiyyaci huhunsa lafiya lau, ƙarfin jan iskar ne babu, kuma mutum biyu masu karɓa-karɓa da jaka za su iya riƙe ransa sa'o'i da ikon Allah har magani ya kama.

Kashi na biyu su ne masu zama a bakin maƙogwaro ba tare da sun shiga ba. Wani likitan Ingila, Archie Brain, ya ƙirƙiro na farkonsu a 1981, wanda ake kira LMA, ya shiga kasuwa wajen ƙarshen shekarun 1980. Kamar ɗan ludayi yake a bakin bututu, ana tura shi ta bin ganɗa har ya tsaya, a hura balan-balan ɗin gefensa ya rufe bakin maƙogwaro. Bayansa aka yi Combitube, aka yi King LT mai balan-balan biyu, ɗaya ya toshe hanyar abinci ɗaya ya toshe bayan baki, iska ta fita ta tsakaninsu. Sai i-gel a 2007, na Dakta Muhammed Aslam Nasir, wanda ba a hura masa komai, roba ce mai taushi da aka zuba daidai da siffar wurin, da 'yar hanya a gefe da ake zura siririyar roba a zuƙe abin da ke tumbi. Lambarsa da nauyin mutum take tafiya: 3 ga mai kilo 30 zuwa 60, 4 ga mai 50 zuwa 90, 5 ga wanda ya haura 90. A shafa masa mai santsi, a tura, a jona jaka. Ma'aikaciyar jinya da aka nuna mata da kyau a yini guda tana iya sa shi cikin daƙiƙoƙi, a cikin mota, da fitilar waya.

An gwada su da bututu gaba da gaba. A Ingila gwajin AIRWAYS-2 na 2018 ya haɗa mutum 9,296 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti. Waɗanda suka rayu cikin kyakkyawan hali kashi 6.4 ne a ɓangaren i-gel, kashi 6.8 a ɓangaren bututu, wato kusan kunnen doki, sai dai iska ta fi saurin samun shiga a ɓangaren i-gel, kashi 87 da kashi 79. A shekarar dai, gwajin PART a Amurka da mutum 3,004 ya samu kashi 18.3 na masu King LT suna raye bayan sa'a 72, masu bututu kashi 15.4. Abin lura a wannan na biyun, ma'aikatan motocin asibitin sun dace da sa bututun ne a kusan rabin mutanen kawai. Har jarirai an gwada: a asibitin Mulago na Kampala ungozomomi sun gwada ƙaramin i-gel da marufin fuska a kan jarirai sama da dubu da aka haifa ba sa numfashi, kusan rabi da wannan rabi da wancan, aka ga i-gel ɗin ba shi da haɗari a hannunsu, amma bai fi marufin fuska ba.

Sai dai a yi hattara da ɗauko waɗannan alƙaluma a ɗora wa kanmu kai tsaye. Yawancin mutanen cikinsu masu tsayawar zuciya ne a biranen da asibiti ke kusa. Namu kuwa wanda aka zaro daga mota ne a hanyar Alkaleri ko Billiri baki cike da jini, mai juna biyu da jijjiga ta kama bayan ta ci abinci, manomin da maganin feshi ya shiga jikinsa, ko wanda ya sha fiya-fiya yana ta dalalar da yawu da majina. I-gel yana rage shigar amai huhu, bai hana ta gaba ɗaya ba. Idan huhu ya yi tauri yana son a tura iska da ƙarfi, sai ta riƙa sulalewa ta gefe. Wanda haƙoransa suka sarƙe saboda tetanus ba ta inda za a tura shi. Idan kuma toshewar a cikin maƙogwaron take, kamar wanda ya shaƙi wuta a gobarar tankar mai wurin yana kumbura, ko yaron da mashaƙo ya shimfiɗa wa fata a wuya, irin wanda muka gani a ɓarkewar 2023 da ta taɓa Kano da Yobe da Bauchi, to abin da ya zauna a bakin ƙofa bai buɗe ƙofar ba.

A nan ne bututu ba shi da na biyu. Yana wucewa tsakanin igiyoyin murya ya shiga maƙogwaro, a hura balan-balan ɗinsa ya rufe kewaye, iska ta shiga da duk ƙarfin da ake so, amai ya tsaya a sama. Babbar mace lamba 7 ko 7.5, namiji 7.5 ko 8, a tsayar da shi wajen santimita 21 zuwa 23 a haƙora. Ana ganin wurin ne da laringoskof, mariƙi mai batir da lefe mai fitila a baki. Lefen miƙaƙƙe na Robert Miller ne, 1941, an fi son sa ga jarirai. Lanƙwasasshen na Robert Macintosh ne na Oxford, 1943, kuma shi ne har yau a kusan kowane ɗakin tiyata daga Bauchi zuwa Azare zuwa Gombe. Ƙarfe ne, a wanke a kashe ƙwayoyin cuta a sake amfani da shi shekara da shekaru.

Wahalar tana ga koyo. Nazarce-nazarce sun nuna mai koyo na buƙatar ya sa aƙalla sau 50, a ɗakin tiyata inda majiyyaci ya yi azumi ga haske ga malami a gefe, kafin ya riƙa dacewa tara cikin goma. Wanda ya koya ya shekara bai yi ba kuma hannu ya kwanta. Ƙa'idar farfaɗo da zuciya ta Turai ta 2021 cewa ta yi wanda ke dacewa sama da kashi 95 cikin gwaji biyu shi kaɗai ya kamata ya sa bututu a irin wannan hali. Sannan wanda zuciyarsa ke bugawa ba ya yarda a zura masa ƙarfe a wuya sai an ba shi maganin barci irin su ketamin da allurar sakin jiki, wadda firji take so a garin da wuta ke zuwa ganin dama. Da zarar ka yi wannan allura ka karɓe masa numfashin da yake lallaɓawa da shi. Lafiyayyen babba da aka cika wa huhu da oksijin zai iya kai wa wajen minti takwas kafin jininsa ya fara rasa iska, amma ƙaramin yaro, mai ƙiba, mai tsohon ciki, da wanda jini ya zuba, ba sa ba ka ko rabin haka. Kowane gwaji kuma yana ƙara kumburi da jini, na uku ya fi na farko wuya. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Ingila ta 2015 ta ƙayyade gwaji uku, da ɗaya na wanda ya fi ka iyawa, daga nan a koma i-gel ko jaka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To ina na'urar da ke wayar Yaya? Ita ma laringoskof ce, an sa mata kyamara a bakin lefe. John Pacey na Kanada ya fitar da GlideScope a 2001, daga baya C-MAC da McGrath da sauransu suka biyo. Gaskiyar magana tana aiki. Gwajin DEVICE na 2023 a asibitocin Amurka, mutum 1,417, ya samu dacewa a karon farko kashi 85 da mai kyamara, kashi 71 da ta gargajiya, kuma yawancin masu sawar likitoci ne masu neman ƙwarewa. Abin da ya fi burge ni da ita koyarwa ne. Da ta gargajiya malami na tsaye yana tambaya "me ka gani?", ɗalibi na cewa "ina ganin wani abu ja". Da allo kuwa ido huɗu ke kallon wuri ɗaya. A asibitocin koyarwa irin na tarayya da ke Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, inda ake horar da likitoci kuma akwai sashen kulawa ta musamman, ina goyon bayan a same ta ɗari bisa ɗari.

Amma ɗigon jini ɗaya ko majina a kan kyamarar ya isa ya mayar da allon duhu. Masu lefe mai tsananin lanƙwasa kan nuna maka ƙofar tar, bututun kuma ya ƙi juyawa ya shiga sai da sandar ƙarfe ta musamman a cikinsa da hannun da ya saba. Da yawansu lefensu na yarwa ne bayan amfani ɗaya, farashinsa kuma dala yake bi. Na taɓa ganin irinta a wani asibiti, kyauta ce daga wasu bayin Allah, tana cikin akwatinta a ofis an kulle don kada ta ɓace, lefen sun ƙare, cajar ta yi ƙafa. Daren da aka buƙace ta mai makullin yana gida. Kuma duk kyanta, ganin wuri kawai ta sauƙaƙa. Allurar sakin jiki da haɗarinta, da abin da zai biyo bayan bututun, suna nan yadda suke.

Akwai wata 'yar sanda siririya mai lanƙwasa a baki da muke kira buji, ana fara zura ta sannan a bi da bututu a kanta. A wani asibiti a Minneapolis inda suka saba da ita ta ɗaga dacewar farko daga kashi 87 zuwa 98, amma da aka maimaita gwajin a asibitoci da yawa a 2021 ba a ga bambanci ba. Tana da araha ƙwarai, a saya, a kuma saba da ita.

Abin da dillalin bai turo hotonsa ba shi ne wanda na fi so Yaya ya ji. Mafi munin kuskure a wannan aiki shi ne bututu ya faɗa hanyar abinci ba a gane ba. Ƙirji na iya motsi, mai saurare da abin kunne na iya rantsuwa ya ji iska, bututun ma na iya yin gumi a ciki, alhali tumbi ake hurawa. Na'urar yatsa mai auna oksijin tana makara kafin ta faɗi, baƙin lalle kan hana ta karatu, kuma wani bincike a Michigan a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce iskar kabon da huhu ke fitarwa, wadda na'urar kafnograf ke zana ta a allo da kowane numfashi. Ana son a ga zanen yana tashi yana sauka sau bakwai a jere, domin wanda ya sha lemon kwalba tumbinsa ma kan fitar da kabon a numfashin farko-farko sannan ya ɗauke. Babu zane, a cire bututu a koma jaka, ko wane ne ya sa shi, ko da shugaban sashe ne. Babban binciken NAP4 na Birtaniya a 2011 ya gano rashin amfani da wannan na'ura yana da hannu a sama da kashi 70 na mace-macen hanyar numfashi a sassan kulawa ta musamman. Inda babu ita, akwai ɗan abin da ke sauya launi daga shunayya zuwa rawaya, akwai kuma dabarar babban sirinji: a jona shi a bututu a ja, idan maƙogwaro ne iska ta taho salin-alin saboda zobban guringuntsi sun riƙe shi a buɗe, idan hanyar abinci ce sai ta manne ta ƙi. Dabarar ba abin dogaro ba ce ga jarirai da masu tsohon ciki da masu ƙiba sosai.

Bayan an sa bututu kuma aiki ya fara ne. Wani zai zauna yana matsa jaka ba hutu, ana ƙara maganin barci, ana zuƙe majina, ana tsare bututun kada gargadar hanya ta zare shi ko ta tura shi huhun dama kaɗai. Ƙaramar tukunyar oksijin da aka saba ɗorawa a mota tana ɗauke da wajen lita 680, a lita 15 a minti kuwa minti 45 ta ƙare, alhali tsakanin Gombe da Bauchi kusan kilomita 150 ne. Kafin a tashi ma sai an buga waya an tabbatar akwai gado da na'urar numfashi a inda za a je. Idan komai ya ƙi, bututu bai shiga ba, i-gel bai zauna ba, jaka ba ta tura iska, saura wuƙar tiyata lamba 10, buji da bututu lamba 6, a tsaga ɗan tantanin da ke ƙasan zakaran wuya. Kayan nan uku ba su da tsada, a ɗaure su wuri guda a manna a bango inda kowa zai gani.

Da na kai nan Yaya ya ciro biro ya ce in faɗi a jere. Na ce ya fara da jakar Ambu ta manya da ta yara da ta jarirai, kowace da marufi girma-girma, a ɗakin haihuwa, a sashen gaggawa, a mota. Na'urar zuƙe majina guda biyu, ɗaya ta wuta ɗaya ta takawa da ƙafa, da baki mai faɗi wanda gudan jini ba zai toshe ba. Guedel da na hanci. I-gel daga lamba 1 zuwa 5, fiye da ɗaya-ɗaya, da alkawarin wanda zai riƙa mayar da gurbinsu. Tukwanen oksijin da kuɗin cika su na shekara. Laringoskof na ƙarfe biyu da batir na ajiya, buji, sai kafnograf ɗaya a ɗakin tiyata inda mai ba da maganin barci yake. Ragowar kuɗin kuma a sayi mutum-mutumin koyo, a ɗauki nauyin ma'aikatan dare su riƙa zuwa ɗakin tiyata bi da bi suna sa i-gel suna riƙe marufi a gaban mai koyar da su, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya dubi takardar ya yi shiru, sannan ya ce, "Duk na ji. Amma ka san 'yan kwamiti, suna son abin da za a ɗaga a ɗauki hoto ranar miƙawa. Wa zai ɗauki hoto da roba?"

Na ce, "Kafnograf ɗin ma yana da allo, Yaya, har ƙara yake yi."

Ya yi dariya ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce jibi Litinin zai fara biyawa ta wurin shugabar ma'aikatan jinya ya tambaye ta mutum nawa ke kwana a sashen gaggawa, kuma a cikinsu wa ya taɓa riƙe jakar.